Yadda zaka gane pub idan ka shiga Ingila

Mutane da yawa da sun ji ance pub sai suce ai mashaya ce kawai, to gaskiya ba haka bane, a Birtaniya da Ayalan abin yafi haka. Asalin sunan ma ma'anarsa gidan jama'a, wato kowa zai iya shiga.

To abu na farko ka duba ƙofa. In ance sai kana da katin zama mamba, ko sai ka biya kuɗin shiga, ko kana kwana a otal ɗin, wannan kulob ne ko mashayar otal, ba pub bane. Ƙungiyar CAMRA, mai fafutukar kare pub da giyar gargajiya a Birtaniya, da aka kafa a 1971, ita ma wajen bayyana menene pub da wannan sharaɗin na kowa zai iya shiga ta fara. Daga nan ka ɗaga kai ka ga allon suna mai hoto rataye a waje, irin su Red Lion ɗinnan da ke ko'ina, tun 1393 sarki Richard na biyu ya wajabta ma masu saida giya rataya alama.

Kana shiga kar ka zauna kana jiran wani yazo ya tambayeka me za'a kawo, zaka daɗe wallahi, kai ne zaka tashi kaje kanta kayi oda ka biya nan take ka ɗauko abinka, kuma ba wanda zai ce dole sai ka sayi abinci kafin ka zauna, nan ne ya bambanta da gidan abinci. A kantar zaka ga famfunan da ake tsiyayo giya daga ganga, ana aunawa da babban kofi mai mililita 568.

Amma ni abinda nake ganin yafi komai shine zaman. Ba kiɗa mai kashe kunne ba filin rawa, tsofaffin unguwa ne suke hira, wasu na kallon ƙwallo, wasu na gasar kacici-kacici, ranar Lahadi iyalai har da yara suna cin gasasshen nama. Wanda baya shan giya lemo yake saya ko kofi, ba mai kallonsa. In kunje a ƙungiya kowa yakan sai ma kowa bi da bi, ka lura da layinka.

Wajen ƙarfe 11 na dare a wurare da dama zaka ji an kaɗa ƙararrawa, odar ƙarshe kenan, sai a fara haramar tafiya gida.