Kada ku wanke tsoffin sulallan azurfa kafin sayarwa

'Yan uwa, duk wanda ya gaji tsoffin sulallan azurfa yana so ya sayar, don Allah kada ya goge su da toka ko ruwan tsamiya. Maƙerin fari a kasuwar Dole nauyi yake saye, amma masu tara tsoffin kuɗi fuskar sulalla suke biya, kuma gogewa na kashe farashi. Kamfanonin Amurka masu tantance tsoffin kuɗi irin su PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70, wadda aka goge kuwa ba ta samun maki.

Launin da ke hawa kan azurfa, wanda gogewa ke cirewa, farar wuta ta iska ce ke kawo shi a hankali. Na gaskiya yakan faro daga baki ya shigo ciki, ruwan ɗorawa ya narke cikin ja, ja ya shiga shuɗi, ƙyallin ƙarfen na nan a ƙarƙashi idan ka juya ta a hasken rana. Na algus, wanda ake yi da gwaiduwar ƙwai ko zafin wuta, dabbare-dabbare yake, kamar an shafa shi a sama, ya rufe rubutu da fili bai ɗaya. Ni dai shuɗi mai yawa ba na yarda da shi.

Sai liyarin Mariya Tereza, kuɗin azurfa na ƙasar Austriya da iyayenmu mata ke ratayawa. Kada 1780 da ke jiki ta ruɗe ku, an daɗe ana sake buga shi da shekarar nan. In an huda shi, kuɗin azurfarsa kawai za ku samu.