Masu gina bene a Maradi, a kula da wannan

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin sa bututun yayyafa ruwan kashe gobara a rufin gida, ya tambayi injiniya da wane tsari zai yi aiki. A ƙa'idojin NFPA, wato ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, 13D na gidan iyali ɗaya ko biyu ne, ruwan minti 10 yake nema, don mutane su samu su fita. 13R na bene har hawa 4 ne, minti 30. NFPA 13 kuwa har dukiya take karewa.

Abin da ya fi damuna zafinmu ne. Kan feshi (bakin bututun da ke fesa ruwa) mai buɗewa idan zafi ya kai digiri 68 na Celsius an yi shi don rufin da zafinsa bai wuce digiri 38 ba, alhali ƙarƙashin kwano a Afrilu ya zarce haka. Don Allah ku nemi mai jure zafi, ku kuma tanadi tanki da famfo.