Yadda Ake Tayar da Na'urar Faifai ta RL02 a Kan Kwamfutar PDP-11

Wanda ya samu tsohuwar PDP-11 ta kamfanin DEC haɗe da na'urar faifan ajiyar bayanai ta RL02, mai ɗaukar megabait 10, yakan yi ɗokin jona wuta ya danna maɓallin LOAD da ke sa faifan juyawa, kuma wannan ɗokin ne ke halaka fayafai. Kan da ke karanta bayanai shawagi yake yi a bisa iska, dab da faifan da ke juyawa sau 2,400 a minti, don haka ƙura kaɗan ta isa ta sa ya kartse faifan, a yi asarar su duka biyun.

A fara da buɗe na'urar, a kwashe soson cikinta da tsufa ya mayar gari, a duba matatar iska, sannan a goge kawunan a hankali da ruwan sinadarin isopropyl. A kuma kawar da ɗan ƙarfen da ake kulle kawunan da shi saboda tafiya. Faifan kuwa kada a kuskura a kai shi kusa da maganaɗisu, domin alamomin da kan karatun ke bi tun daga masana'anta aka rubuta su, kuma na'urar ba ta iya sake rubuta su.

Idan fitilar FAULT ta kama, kada a yi saurin cewa na'urar ta mutu. Sau da yawa kebul ne bai zauna ba, ko kwamfutar ce a kashe, tunda daga katin sarrafawa da ke cikin kwamfutar ne na'urar ke samun bugun agogonta. Wani lokacin kuma tamineta ce, wato filogin da ke rufe ƙarshen layin kebul, aka manta ba a toshe a bayan na'urar ƙarshe ba. Na'ura huɗu ake iya jerawa, kowace da filoginta mai lamba daga 0 zuwa 3.

Inda ni kaina na ɓata kwana uku shi ne kan RL11, katin sarrafa na'urar a injin da ke amfani da Unibus, wato layin da ke haɗa katunan kwamfutar. Katin yana amsawa a adireshinsa, fitilar READY tana ci, amma ko kalma guda ba ta shiga ƙwaƙwalwar kwamfutar ba. Ashe wata 'yar waya ce a bayan allon da ake cusa katuna, wadda ta haɗa fil CA1 da CB1, take tsallakar da siginar NPG, ita ce kuwa izinin da kati ke jira kafin ya zuba bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Dole a cire ta a ramin da RL11 yake. Ranar da aka sauya wa katin rami, a mayar da wayar ko a sa katin G7273 mai tsallakar da siginar a tsohon ramin, in ba haka ba katunan da ke gaba ba za su samu izinin ba. Masu injin Q-bus, wato ɗaya nau'in layin, sun huta da wannan wayar. Su nemi katin sarrafawa na RLV12, domin tsohon, RLV11, kati biyu ne kuma ba kowane allo yake karɓa ba.

Sauran aikin ba wuya. A tabbatar adireshin katin 774400 ne, bekta (lambar da katin ke jan hankalin kwamfutar da ita) 160, a gwada da manhajar gwaji ta XXDP a kan faifan da ba a jin asararsa, sannan a tayar da babbar manhajar RT-11 daga DL0, wato na'ura mai lamba 0.