Yadda za ka fara naɗar murya da tace ta da manhajar Audacity

Manhajar da masu shirye-shiryen rediyo da fodkas da yawa suke farawa da ita ita ce Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka soma gina ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000, kuma har yau ba a biyan ko sisi don amfani da ita. Tana aiki a Windows da macOS da Linux. Ba ta da sigar waya, saboda haka duk abin da ka gani a rumbun manhajojin waya mai irin sunanta ba ita ba ce. Ka sauke ta daga shafinta na asali, audacityteam.org, domin kwafin da ake yawo da shi a wasu shafukan kan zo da tarkace a ciki.

Jona makirfo kafin ka buɗe manhajar. Audacity tana ƙidaya na'urorin da ke jone ne a lokacin da take tashi, to idan ka jona daga baya ba za ta gan shi ba sai ka shiga Transport ka danna Rescan Audio Devices. Daga nan sai maɓallin Audio Setup: zaɓi makirfonka a Recording Device, ka sa tashar naɗi ɗaya, wato Mono. Murya ɗaya daga makirfo ɗaya ba ta bukatar tashoshi biyu. Sai dai ta ninka nauyin fayil, ko kuma ka ji sautin yana fita a kunne ɗaya kawai. Yawan samfurin sauti kuwa, wato sau nawa ake ɗaukar sautin a daƙiƙa ɗaya, 44100 Hz ya isa, amma idan za a haɗa muryar da bidiyo ka sa 48000 Hz. Idan ka danna naɗi ka ga layi miƙe babu motsi, yawanci kwamfutar ce ta hana manhajar taɓa makirfo, sai ka ba ta izini a saitin sirri na Windows ko na macOS.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne sababbin hannu suke ɓata aikinsu: ƙarfin shigar sauti. A saman manhajar akwai ma'auni mai lambobi da suke ƙarewa a 0. Wannan sifilin shi ne rufi. Duk sautin da ya kai can za a yanke masa kai, ya fito yana ƙarƙara kamar lasifikar da ta fashe, kuma babu wani maɓalli da zai dawo da abin da aka yanke yadda yake. Kafin naɗi na gaske, kunna sauraren gwaji a kan ma'aunin, ka yi magana da muryar da za ka yi aikin da ita, har da wurin da za ka ɗaga murya ko ka yi dariya. Daidaita ƙarfin har maganarka ta riƙa kaiwa tsakanin desibel -12 da -6. Sautin da ya ɗan yi ƙasa ana iya ɗaga shi cikin daƙiƙa biyu. Wanda ya bugi rufi sai dai a sake naɗa.

Ɗakin ma yana shiga cikin naɗin. Bango tsirara da daɓen siminti ko tayil suna mayar da murya, sai a ji amsa-kuwwa, ita kuma cire ta bayan naɗi wahala ce da ba ta cika yin kyau ba. Ɗaki mai labule da katifa da kaya ya fi babban falo nesa ba kusa ba. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinka da makirfo, ka ɗan kauda shi gefe don kada iskar haruffa irin su b da f ta buge shi kai tsaye. Idan kana jin wani gurnani a ƙasan sautin, cire cajar kwamfutar ka gwada da batir, sau da yawa daga wutar yake shigowa. Kuma da hedifon ake saurare, don lasifika tana mayar da sauti cikin makirfo.

Danna R ka fara naɗi, amma kada ka yi magana nan take. Yi shiru na daƙiƙa 5 zuwa 10, wannan shirun zai yi maka aiki nan gaba. Idan ka yi tuntuɓen harshe kada ka tsaya: tafa hannu sau ɗaya, ka maimaita jimlar daga farkonta. Tafin zai fito a matsayin dogon tsini a zanen sautin, ka gane wurin gyara da ido. Dogon maɓallin tazara shi ke tsayarwa, shi ke kunnawa. Da ka gama, danna Ctrl+S.

Yankan kuskure ba shi da wuya: ja linzami a kan wurin, ka danna Delete. Amma kafin ka goge, danna Z. Wannan yana matsar da gefunan zaɓinka zuwa inda igiyar sautin ta ratsa tsakiya, sai mahaɗin ya zauna ba tare da ƙaramin ƙas ɗin nan ba. Ctrl+1 na kusanto da zanen, Ctrl+3 na nisanta shi, Ctrl+Z na mayar da abin da ka yi. Kada ka cire duk numfashi. Maganar da babu numfashi a cikinta tana gajiyar da mai sauraro.

Sai rage hayaniya, wadda ake yi a zagaye biyu. Zaɓi shirun nan na farko, ka shiga Effect ka buɗe Noise Reduction, ka danna Get Noise Profile. Da haka manhajar ta san kalar hayaniyar ɗakinka. Sannan ka zaɓi duka naɗin da Ctrl+A, ka sake buɗe ta, ka sa ragin tsakanin desibel 6 da 12, ka saurari gwaji kafin ka amince. Mutane kan tura lambar sama sosai don neman shiru tsit, sai muryar ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, domin tare da hayaniyar an kwashe wani ɓangare na muryar kanta. Wannan aikin na hayaniya mai ɗorewa ne, irin shuuu na makirfo. Kukan yaro ko hon ɗin mota ba ya cire su. Bayan haka sa High-Pass Filter a 80 Hz don zubar da gurnanin da ke ƙasa da muryar mutum, sai Normalize, mai daidaita ƙarfin sautin gaba ɗaya, a desibel -1 ya zama na ƙarshe.

Idan akwai kiɗa a ƙarƙashin magana, ja fayil ɗinsa cikin manhajar, ka ɗora layinsa a saman layin murya, ka zaɓi layin kiɗan ka sa Auto Duck. Kiɗan zai riƙa sauka da kansa duk lokacin da aka fara magana. Tsarin layukan dole ne ya zama haka, don da layin da ke ƙasa take aunawa. Fayil ɗin M4A da wayoyi da yawa suke naɗa ba zai buɗe ba sai an girka ƙarin manhaja mai suna FFmpeg.

Adanawa daban, fitarwa daban. Ctrl+S yana ajiye aikin ne a fayil mai ƙarshen aup3, wanda Audacity kaɗai ke buɗewa. In ka tura wa wani shi ba zai ji komai a wayarsa ba. Wanda za a saurara ana samar da shi ne ta File, sannan Export Audio. Fitar da kwafi biyu: WAV don ajiya, wanda minti ɗaya na tasha ɗaya ke cin kusan megabait 5, da MP3 don rabawa, wanda a 128 kbps ke cin kusan megabait 1 a minti. Idan gyara ya taso daga baya, koma kan aup3 ko WAV. Duk lokacin da aka buɗe MP3 aka sake fitar da shi a MP3, ana sake matse shi ne, ingancinsa na ƙara raguwa.