Yadda za ka duba ko ana ganin bincikenka a intanet, kai da jami'arka

Malamai da ɗaliban master da doktora, musamman na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƴan cibiyar binciken noma ta INRAN na Tarna, wanga bayani naku ne. Sai ka ga mutum ya yi shekaru shina aiki kan tsutsar wake ko ta hatsi, ya wallafa, ya sa cikin dosiyen CAMES, hukumar da ke duba ƙarin girman malaman jami'a, amma in anka buga sunan shi a intanet ba abin da ke fitowa sai hoton biki a Facebook. Aikin na nan, na'ura ce ba ta gan shi ba, kuma da yawa cikin masu jera jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike abin da na'ura ta gani shi suke ƙirgawa.

Kafin ka ƙirga komi, gyara sunanka tukuna, don nan ne matsalarmu ta fi yawa. Mu nan sunan uba shi ne na biyu, to a ce wani Musa ɗan Isa, a maƙala ɗaya ya sa Moussa Issa, a wata Issa Moussa, mujallar Turawa ta taƙaita shi M. Issa, wata kuma I. Moussa, ka ga mutum guda ya koma huɗu, kowane da ɗan guntun lissafin shi. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya kan shi har ritaya. Sannan ka buɗe ORCID, kyauta ne, tun 2012 ake yin shi, lamba ce mai gurbi 16 wadda ba wanda ke da irinta sai kai, kuma duk maƙalar da za ka aika ka sa ta. Sunan jami'a ma haka, wani ya rubuta Université de Maradi, wani UDDM, wani ya raba Dan Koulodo biyu, wani ya juya shi da Ingilishi. Wanga kam aikin hukumar jami'a ne ta fitar da rubutu guda kowa ya bi. Kuma kada ka manta da sa Maradi, don in ka sa Niger kaɗai za a cuɗe ka da jihar Neja da Neja Delta na Najeriya, kai har da wani naman gwari da ake ce ma Aspergillus niger, gwada nema ka sha mamaki.

Daga nan sai Google Scholar. Ka buɗe shafinka, ka tattara maƙalunka, ka cire waɗanda ba naka ba don shi kan kwaso na masu suna irin naka, in maƙala ɗaya ta fito sau biyu ka haɗe su, sannan ka buɗe shafin kowa ya gani. Wajen tabbatarwa mel ɗin jami'a ake so, yahoo.fr da gmail da munka saba ba su yi, in ba ka da shi ka je wajen masu kula da intanet na jami'a ka matsa masu. A gefen dama za ka ga lambobi ukku: jimillar sau nawa anka ambace ka cikin wasu rubuce-rubuce, da h-index, da i10-index.

Shi h-index wani masanin fizik, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005, kuma lissafin ba wuya. A ce maƙalunka shidda, an ambace su sau 30, 12, 8, 5, 5 da 2. Kana da biyar waɗanda kowace ta samu aƙalla 5, to h ɗinka 5 ne. Ko ta farkon ta kai 300 h ba ya motsi, wannan shi ne kyawun shi kuma shi ne aibin shi. i10 kuwa yawan maƙalun da sunka kai ambato 10, nan 2 ke nan. Don Allah malam kada ka gwada h ɗinka da na likita ko na wanda ya shekara 30 cikin aiki, fannoni ba ɗaya ba ne, masu lissafi da tarihi da harsuna ambatonsu a hankali yake zuwa. Kuma ka ware inda kai ka ambaci kanka, masu duba dosiye ba yara ba ne.

Lambar Google Scholar kusan kullum ta fi ta Scopus da Web of Science, don shi komi kwasa yake, har memwar da tez, su kuwa sai mujallun da sunka tantance, kuma mafi yawa na Ingilishi ne, shi ya sa mai rubutu da Faransanci a mujallun yankinmu zai ga kamar bai yi komi ba. Su biyun na kuɗi ne, amma ana iya duba shafin marubuci na Scopus kyauta, akwai kuma OpenAlex da anka buɗe a 2022, shi ma kyauta, kana iya neman jami'a sukutum ka ga abin da anka jingina mata. In za ka faɗi lamba ka faɗi inda ka ɗauko ta da ranar.

Impact factor da ake ta yayatawa na mujalla ne, ba naka ba. Misali na 2024, ana ɗaukar ambaton da maƙalunta na 2022 da 2023 sunka samu cikin 2024 a raba da yawansu. Kamfanin Clarivate kaɗai ke fitar da na ainihi, saboda haka mujallar da ta aiko maka mel tana ce maka biya mu wallafa cikin sati guda ga wani impact factor da ba ka san mai shi ba, gudu. Duba ta a jerin mujallu na DOAJ ko AJOL ko na Scopus tukuna, ka tabbata tana ba da DOI, wato lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet.

Ita jami'a, sikelin da anka fi sani na ganuwa a intanet shi ne Webometrics na wata cibiyar CSIC, hukumar binciken kimiyya ta Spain, tun 2004, sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. A tsarin shi na 2024 rabin maki na liyen ne, wato shafukan waje nawa ke nuni zuwa adireshin jami'a, kashi 40 na maƙalun da ke cikin kashi 10 mafi ambato a fanninsu, kashi 10 na shafukan malamai a Google Scholar. Ka ga ke nan in kowane fakilte ya buɗe nashi shafi a wani waje, ko duk sanarwa a Facebook da WhatsApp take ƙarewa, jami'a ba ta samun ko maki ɗaya daga ciki. Adireshi guda ake so, komi a ƙarƙashin shi.

Abin da ya fi ci mini rai memwar da tez da ke jibge cikin bibliyotek, ƙura da gara na rabonsu. A sa su a intanet mana, in jami'a ba ta da rumbunta akwai HAL na Faransa da Zenodo na CERN, kuma Zenodo na ba da DOI kyauta. Amma fa ba hoton takarda da anka ɗauka da waya ba, Google Scholar ba ya karanta hoto, PDF mai rubutu na gaske yake so, take da sunan marubuci a shafin farko, nauyi bai wuce mega 5 ba. Ka ƙara taƙaitawa da Ingilishi ko da aikin da Faransanci yake. Maƙalar da ta riga ta fito kuma duba ƙa'idar mujallar kafin ka saka.

Akwai kuma abin da duk waɗannan ba su aunawa. Sassaben zamani da Tony Rinaudo ya fara da manoman yankin Maradi a 1983 ya bazu gona zuwa gona tun kafin masu maƙala su farga, haka buhun PICS na ajiyar wake, manomin Dakoro ko Madarunfa da ya amfana ba ya ambaton kowa a mujalla. Altmetric na ƙoƙarin ƙirga labaran jarida da Wikipedia da takardun hukumomi, amma sai aikin na da lamba irin DOI, kuma ba ya jin rediyon karkara ko saƙon murya na WhatsApp. To wanga kai za ka rubuta da hannunka: ranar da ka yi bayani a rediyo, ƙungiyar manoman da anka horar da garinsu da yawansu, rahoton ONG ko na ministan da ya yi aiki da sakamakonka, ka aje kwafi. Ka buɗe tablo guda a Excel, duk wata shidda ka zuba lambobin Scholar da OpenAlex da waɗannan a gefe ɗaya, in lokacin dosiye ko neman kuɗin proje ya zo sai dai ka kwafa.