Yadda na samu lambar banki ta shigo ina Landan

Na iso Landan daga Paris a jirgin ƙasa na Eurostar, ni kaɗai, burina in ga wasan kwaikwayo a Globe, gidan wasan nan mara rufi a bakin kogin Thames da aka buɗe a 1997. Tikitin tsayuwa na zaɓa, ya fi araha, kuma kana dab da dandamali. Sai biya ya tsaya: bankina na Kumasi yana turo lambar tabbatarwa ta saƙo, saƙon bai iso ba.

Na sauya burauza, na duba kuɗin da ke katin, na koma intanet ɗin otal. Shiru.

Ashe layin Ghana ne bai kama sabis ba. Na mayar da shi waya, na bar layin Ingila a kan data. A saitin sim na kashe datar layin gida, don cajinta a waje ba wasa. Na shiga wurin zaɓen kamfanin sadarwa, na kashe "Automatic", na zaɓi ɗaya da hannu. Na farko ya ƙi, na gaba ya karɓa. Na sake kunna wayar, na danna a sake turowa, lamba ta faɗo.

Alhamdulillahi. Yaya Sani na Aboabo, wanda ya nuna min wannan dabara, Allah ya saka da alheri.