Yadda Iyali Za Su Haɗa Tawakkali da Neman Magani Idan An Kasa Gano Ciwon Yaro

Yaro kan yi watanni yana jin jiki, a gwada jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sakamako ya fito lafiya ƙalau, alhali sauƙi bai samu ba. Ya kamata iyaye su sani cewa rashin gano sunan ciwo ba hujja ba ce ta cewa ciwon ba na asibiti ba ne. Cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba sun haura 6,000, galibinsu daga ƙwayoyin halitta suke, kuma mafi yawansu tun ƙuruciya suke bayyana, saboda haka ƙwararren likita ma yana iya yin ritaya bai taɓa cin karo da wanda ke damun ɗanku ba.

Ku fara da gyara fahimtarku game da tawakkali. Hadisi ya tabbatar da cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, wanda ya san shi ya sani, wanda ya jahilce shi ya jahilta. Ke nan jahiltar maganin gazawar ilimin ɗan Adam ce, kuma ci gaba da bincike ba ya rage imani da komai. Ku ware lokaci guda a kullum da iyali za su yi wa yaron addu'a tare, ko da gajera ce, domin wadda aka dawwama a kanta ta fi ta dare ɗaya da za ta bar mai jinya a galabaice. Addu'ar Annabi Ayuba da ke aya ta 83 a Suratul Anbiya ta dace da wannan hali, kuma abin lura shi ne ya ambaci cutarsa a fili, Annabi Yakubu ma ya kai kukansa ga Ubangijinsa har idanunsa suka yi fari. Don haka kada a ce wa uwar da ke zubar da hawaye ba ta da haƙuri.

Sai kuma ɗaure raƙumi, wato yin naku ƙoƙarin tare da tawakkali. Ku tara dukkan takardun gwaji da sunayen magunguna a fayil guda bisa jerin kwanan wata, ku riƙa rubuta lokacin da alama ta taso, da tsawonta, da abin da ya gabace ta. Idan jijjiga ce ko suma, ku ɗauki bidiyo da waya, domin sau da yawa abin ba ya faruwa a gaban likita. Ku nemi likitan yara guda ɗaya da zai riƙe labarin gaba ɗaya, ku kuma tambaye shi abin da za a iya yi wa alamomin tun yanzu, tunda gashin ƙashi da kula da abinci da rage zafi ba sa jiran suna.

Wuri mafi hatsari, a ganina, shi ne giɓin da rashin sani ke bari, domin masu ziyara sukan cike shi da zargin sammu ko dangin uwa ko wani zunubin iyaye, kuma aure da yawa a nan yake tsagewa. Miji da mata su shirya amsa guda: ana kan bincike, muna neman addu'a. Tofi da sadaka ba sa cutarwa, amma kada a dakatar da maganin asibiti saboda su, musamman na farfaɗiya wanda yanke shi farat ɗaya kan jawo jijjiga mai tsanani, kuma duk abin da za a ba yaro ya sha a sanar da likita, saboda hanta da ƙoda. Wanda ya yi muku alkawarin waraka tabbas a kan kuɗi, ku guje shi.

Sauran yaran gida a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, har da cewa ba laifinsu ba ne. Idan an yi gwajin ƙwayoyin halitta bai nuna komai ba, ku roƙi a sake nazarin bayanan bayan shekara ɗaya ko biyu, domin ana gano sababbin cututtuka a kowace shekara, kuma sau da yawa ba a buƙatar sake ɗiban jini.